Kafin Ka Tuƙa, Ka Nemo Kunnen Motar

Assalamu alaikum, Kabiru. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Dutse lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya sa ka fara wannan aiki da ƙafar dama. Innarka tana gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar nan a ƙarƙashin rigunanka, don na ce mata kada ka gani sai ka sauka.

Shekara da shekaru ke nan ina yawo da tambaya ɗaya a Kanya Babba, kuma har yau ba wanda ya ba ni amsa. In babba da yaro suna magana a waya, aka gama, aka yi sallama, wa ya kamata ya kashe? Na tambayi liman, ya ce ba ta cikin littafi. Na tambayi mutanen majalisarmu ta gindin darbejiya, da na buɗe baki sai su fara ƙunshe dariya, wai Malam Audu ya taso da tsohon zancensa. To tsohon zance ne, amma ba a amsa shi ba. Kai ma na san ka sha jin labarin a bakin mutane, kowa da irin ƙarin da ya yi masa. Yau za ka ji shi daga bakin mai shi. Kuma da gangan na rubuto maimakon in kira ka. Ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci bai taka kara ya karya ba, amma takarda ba ta kai magana wurin wanda ba a aike ta ba.

Za ka tuƙa Injiniya Bashir. Ka riƙe a ranka cewa yaron nan ya yi mana halacci, domin ya san abin da ke tsakanina da mahaifinsa, Alhaji Mudi na Gwiwa, amma bai duba wannan ba ya ɗauke ka. Mudi ɗan gwaggona ne, ita ce ta auri Bafulatani mai shanu aka kai ta can. Ka ga ke nan taubashina ne, abokin wasana tun muna yawo ba wando. Ba abin da ban faɗa masa ba a gaban jama'a, shi ma ba abin da ya rage mini. Yakan ce in na shiga garkensa shanu suna daina ba da nono saboda munin fuskata. Ni kuma in ce masa shi da sandarsa ba a gane wanne ne ya riƙe wani. Ranar ɗaurin aurena da innarka, a gaban waliyyai, ya ce a ƙara tambayar yarinyar ko ta gan ni da rana. Kowa ya yi dariya har da liman. Haka muke, haka muka tsufa.

Sai ranar sunan jikansa. Auwalu ɗan ƙanena ne ya kai ni, a motar da ya shigo da ita ta Nijar, mai allo a gaba kamar ƙaramin talabijin, rubutunta duk Faransanci. Ya haɗa wayarsa da ita, in an kira shi sai magana ta fito ta ko'ina, kamar mutumin yana zaune a kujerar baya. Muka ci suna, muka sha fura, Mudi ya ja ni garke yana ta cika baki. Da la'asar muka kamo hanya. Ba mu yi nisa da Gwiwa ba sai ga kiransa.

Ya ce, "Auwalu, kun hau kwalta? Ka tuƙa a hankali, kayan da ka ɗauko tsoho ne, in ya faɗo ba a samun irinsa."

Na ce, "Bafillace, koma ka ƙirga shanunka, na ga ɗaya tana bin mu."

Muka yi dariya, ya yi mana addu'a, muka ce amin. Auwalu ya ce, "A huta gajiya, Alhaji." Ya ce, "Madalla, ku gai da gida." Auwalu ya ce, "Za su ji, Alhaji." Shi ke nan fa, magana ta ƙare. Amma Auwalu yaro ne mai tarbiyya, ba zai kashe wa Alhaji waya ba, jira yake babba ya kashe. Shi kuma babban bai kashe ba. Ni ina jin hayaniyar gidan suna tana ta fitowa, mata na guɗa, wani akuya na kuka, sai na miƙa hannu na murɗa abin nan mai zagaye kamar yadda nake yi wa rediyona, har motar ta yi tsit. Rediyo in ka murɗe shi ya mutu. Tun ina saurayi haka na san shi. Wa ya gaya mini akwai rediyon da in ka rufe masa baki kunnensa yana nan a buɗe?

Na gyara zama na fara. Na ce nonon da aka dama furar nan an tsinka shi da ruwa har ina hango fuskata a gindin ƙwarya. Na ce hular da Mudi ya sa tun zamanin da ake hawa jaki zuwa Kazaure nake ganinta. Duk wannan ba komai ba ne, na sha faɗa masa ido da ido. Sai na sauke murya na ce, "Auwalu, ka lura kuwa? Mudi fa ba ya gani. Ɓoyewa yake yi. Ya dafa jar saniya yana yi mini kirarin baƙa. Na miƙa masa goro ya kama iska. Muryoyi yake bi, shi ya sa yake sa kowa ya yi magana kafin ya kira sunansa."

Auwalu ya ce, "Baffa..."

Na ce, "Ina magana kana magana?"

Na ci gaba, na ce abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne har yanzu yana hawa babur zuwa kasuwa, wata rana zai shige cikin amalanke. Auwalu ya sake cewa, "Baffa, don Allah..." yana nuna allon da haɓa. Na ce masa ya dubi hanya, tuƙi aka ba shi, ba sa baki a zancen manya ba. Daga baya ya gaya mini gumi har cikin takalminsa. Ya ga kiran yana nan bai mutu ba, ga babba a waya ba ya iya kashe masa, ga babba a gefe ba ya iya katse shi. Ladabi ya ɗaure shi ta gaba da ta baya. Duwatsun wajen Roni ne suka cece mu, da muka shiga tsakaninsu layi ya ɗauke da kansa. Sannan ya samu bakin magana, ya ce, "Baffa, duk abin da ka faɗa, Alhaji ya ji."

Ba Alhaji kaɗai ba. Wayarsa a buɗe take a tafin hannunsa, a zaure, ga 'ya'yansa, ga surukai, ga baƙin suna. An ce da ina zancen fura zauren har da masu riƙe ciki, shi ma yana dariya yana ɗaga murya, "Audu, ina jin ka, ɓarawon nono!" Ni kuwa na murɗe shi, ban ji ba. Da na zo kan idanu sai dariya ta ɗauke.

Ban ce na yi laifi ba, kada ka karanta abin da ban rubuta ba. Gaskiya na faɗa, kuma cikin tausayi na faɗe ta. Amma ga abu na farko da za ka riƙe: rage murya daban, kashe makirufo daban. Motar nan baki gare ta da kunne, kuma ba igiya ɗaya ta ɗaure su ba. In ka ji ta yi shiru, kai ne ka daina jin su, su suna jin ka har numfashinka.

Bayan wannan sai na ɗauki matakina. Duk lokacin da na shiga motar Auwalu aka kira shi, in cire hulata in toshe ragar nan ta jikin ƙofa inda murya ke fitowa, in danne da gwiwa. Na yi wata da watanni ina haka, kaina a buɗe kamar ɗan dambe. Wata rana muna hanyar Achilafiya innarka ta kira tana tambaya ko mun sayo mata daddawa. Na danne hula na ce wa Auwalu a hankali, "Ce mata ba a samu ba, mantawa na yi." Sai na ji muryarta daga ƙarƙashin hular, a shaƙe, tana cewa, "To Malam, in kun juyo sai ka tuna." Auwalu ya kusa sauka daga titi don dariya. Ashe kunnen ba a ƙofa yake ba. Wani ɗan rami ne a sama, kusa da madubin tsakiya, bai kai ƙwayar gero biyu ba, daidai saitin bakin mutum. Wanda ya ƙera abin nan ya san me yake yi, kuma da zan gan shi da na tambaye shi dalilin da ya sa ya yi baki ƙato kowa na gani, ya ɓoye kunne kamar na ɓera.

Saboda haka abu na biyu: kada ka yi wa mota dabarar ƙauye. Ranar da aka miƙa maka makulli, kafin ka tayar, ka zauna a cikinta tana tsaye, ka kira wani abokinka, ku gwada. Ka nemo inda ake kashe makirufo, ka danna, ka tambaye shi ko yana jin ka. Ka sake dannawa, ka sake tambaya. Ka yi ta yi har yatsanka ya san wurin ba tare da idonka ya bar hanya ba. Kada ka bari sai kana gudu a kan titin Kano, ga tirela a gaba, sannan ka fara lalube a allo.

Ni a Kazaure na koya, wurin wani Tasi'u mai gyaran rediyon mota. Na sa Auwalu ya kai ni takanas, na ce a cire kunnen gaba ɗaya a ba ni shi a hannu. Tasi'u ya ce, "Baba, in na cire, mai motar ba zai ƙara amsa waya ba. Zo ka ga." Ya kira wayar Auwalu, allon ya kawo hotuna. Ya ce in manta da rubutun, hoto zan duba. Akwai wani kamar guntuwar taɓarya a tsaye cikin turmi. Ya ce in taɓa. Na taɓa, sai aka ja masa layi a karkace. Ya ce, "To yanzu zage ni." Na ce ban saba zagin mutum ba dalili ba. Ya ce, "Baba, gwaji ne." Na ce masa kansa kamar tulun da ya faɗo daga kan jaki. Ya matsa can bakin titi da waya a kunne, na ƙara masa wasu, ya dawo ya rantse bai ji komai ba. Na ce to wannan na farkon fa da ka ji? Ya ce wannan kyauta ya bar mini.

Wasu motocin a jikin sitiyari abin yake, wasu sai kira ya shigo yake bayyana a allo. Ta Injiniya ban san irinta ba, kai za ka bincika. Amma ka ga amfaninsa? Da Auwalu ya san wannan taɓaryar a ranar, da bai kashe wa Alhaji waya ba, bai kuma katse ni ba. Da ya taɓa ta shiru, ladabinsa na nan, asirina na nan. Abin da ya raba ni da Mudi bai fi faɗin ɗan yatsa ba.

Sai dai shi ma yana da nasa sharrin, kuma wannan laifin masu ƙera shi ne. Da na iya, sai na zama ni ne mai taɓawa a motar Auwalu, ko an sa ni ko ba a sa ni ba. Ranar nan mai unguwarmu ya kira, yana neman a zo a ɗauki wani mara lafiya. Tun kafin a fara magana na riga na ja wa taɓarya layi, na kuma manta. Na shiga gaisuwa, ranka ya daɗe, an wuni lafiya, ya jama'a, ya haƙuri da mu, har da ɗan rusunawa a kujera. Shi kuwa yana ta "Salamu alaikum? Auwalu? Wai ba kowa ne?" Na ƙara ɗaga murya. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya ce yaran yanzu sai su ɗauki waya su yi wa mutum shiru, ya kashe. Sai da muka je har ƙofar gidansa na wanke Auwalu. To abu na uku ke nan: wanda ya rufe shi zai buɗe. In ka ga mutum yana ta sallama kana amsawa bai ji ba, kada ka zagi layi, dubi taɓarya.

Yanzu bari in gaya maka wanda ya fi duka, shi ba a allo yake ba. Mutum in ya shiga mota ya rufe ƙofa, gani yake ya shiga ɗakinsa. Bakinsa sai ya saki. Injiniya zai yi zancen ofis, iyalinsa za su yi zancen gida, abokansa za su yi zancen mutane, duk a bayan ƙeyarka. Amanarsu tana hannunka kamar yadda ransu yake hannunka. In kira ya shigo ta mota, kafin komai ka ce, "Ranka ya daɗe, a lasifika kake, ga wane da wane a mota." Su ma na cikin motar ka ce musu, "Ana jin mu." In an gama, ka duba da idonka ka ga kiran ya mutu. In babba ne bai kashe ba, ja wa taɓarya layi, sannan ka ce, "Har yanzu yana kan layi." Kuma in wani tsoho mai taurin kai ya ce maka yana magana kana magana, ka katse shi. Ni na ba ka izini. Zai yi fushi daga nan zuwa Roni, ya huce. Kai kanka kuma ka zama kamar an ja maka layin nan: abin da ka ji a mota ya mutu a mota, ko ni na tambaye ka kada ka gaya mini. Zan tambaya kuwa, ka san hali.

Ka san yadda ta ƙare da Mudi, ko ka san rabi. Washegarin sunan 'ya'yansa suka ɓoye makullin babur. Bashir ya kai shi asibitin ido a Kano, aka ce yanar ido ce, aka cire. Yau Mudi yana zare ƙaya daga kofaton saniya da hannunsa, yana hango baƙo tun daga bakin gari. Wa ya jawo masa? Ni. Da ban yi magana ba da yanzu yana nan yana dafa jar saniya yana kiranta baƙa, ko yana kwance da karaya. Ko goro bai aiko mini ba.

Kuma ba gaba yake yi da ni ba, kada ka ce na ce. Da gaba ce da na kai ƙara wurin manya an sasanta mu. Abin da yake yi ya fi gaba ciwo. In mun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza sai ya miƙo hannu biyu ya ce, "Malam Audu, an zo lafiya? Ya iyali? Madalla." Malam Audu! Mutumin da tun muna yara bai taɓa kirana da abin da ya fi "mai kan gwanda" daraja ba. Na tsokane shi ta kowace hanya. A wani biki na ce masa da aka gyara idon ai sai ya ga irin hular da yake sawa. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam." Na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba. Duk ƙasar nan masu girmama ni sun yi yawa, har sun ishe ni. Mai zagina ɗaya ne, shi ma ya daina.

Innarka tana da nata bayanin. Wai Mudi bai kashe wayar ba ne don irin ta shafawa ce da yaran suka saya masa, ba ya ganin jan wurin da ake taɓawa, kullum jira yake a kashe daga can, kuma ba zai miƙa wa wani a gaban baƙi ya ce kashe mini ba. Wai na tona abin da ya fi shekara yana rufewa, a zaurensa, ranar farin cikinsa. Na ji. Wataƙila haka ne. Amma wannan bakin innarka ne, ni daga bakinsa nake so.

To ga aikin da zan ba ka, kuma ba roƙo ba ne. Bashir ya gaya mini kai za ka riƙa ɗauko Alhaji daga Gwiwa kana kai shi Kano duba ido. Ranar da kuka fara tafiya, in kun wuce duwatsun Roni kun kai inda layi yake da ƙarfi, ka samu inuwa ka tsaya. Ka ce masa, "Alhaji, Baba ya ce in kira shi ta mota, kuma zai ji duk abin da ka faɗa." Ka faɗa masa tun farko, ban yarda a yi masa abin da aka yi mini ba. In ya ce a'a, ka ja mota ku tafi, ka sake tambaya a tafiya ta gaba. In ya yi shiru, to shirun Mudi na san shi, kira ni. Ka ƙure murya, ka tabbata ba layi a kan taɓarya, sannan ka fita ka ba mu wuri, ka je ka sha rake.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da tsautsayi, Ya haɗa ka da iyayen gida masu mutunci, Ya sa ka gama da mu lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci ko a bakin hanya ne, kada ka tuƙa kana jin barci. Ka gai da Injiniya da iyalinsa.

Shi kuwa Bafillacen nan ka gaya masa wayata tana aljihun gaba, na cika ta da caji, kuma na hana kowa kirana da rana don kada ya tarar ana magana. Mun tsufa, ni da shi, ba mu da wasu shekarun da za mu ɓatar a kan "ya iyali, madalla". Ya buɗe baki ya gaya mini me ya hana shi kashe waya. In ba zai faɗa ba, to ya zage ni, zagi mai kyau irin na da, wanda za a ji har Babura. Ɗaya daga cikin biyun nan dole ya ba ni. Ina jira.

Mahaifinka,
Audu, Kanya Babba